Milimita Nawa?

Ranar da na kai Baba gidan kula da tsofaffi, abu ɗaya ya roƙe ni: in koma gona in duba masa kwalbar awon ruwan sama.

Tun shekarar farin nan da ƙanena ya shiga rumfar askin tumaki da bindiga bai fito ba, ni da Baba ba mu sake ambatar sunansa ba. Na tattara na gudu birnin Melbourne. Duk Lahadi sai Baba ya bugo waya.

"Milimita nawa kuka samu, ɗan birni?"

"Huɗu, Baba. Ku fa?"

"Bakwai. Mun fi ku."

Sai ya kashe. Shekara ashirin da biyu muna haka. Na sha gaya wa matata, kafin ta gaji ta tafi, cewa ubana ya fi son hadari a kaina. Ni kuwa a bene hawa na tara nake zaune, ko gwangwanin tarar ruwa ban taɓa ajiyewa ba. Abin da ya zo bakina nake faɗa.

Na tarar da kwalbar a kan shinge, bayan rumfar. Gindinta ya fashe tun ba yau ba, har zanzaro ya yi gini a ciki. Ko ɗigo ba za ta riƙe ba.

Na kira shi.

"Nawa?"

Na dubi sama, tas take.

"Tara, Baba."

Ina jin numfashinsa a wayar.

"Maƙaryacin banza, ni ka gado," in ji shi. "Kar ka kashe tukuna."