Diddigen Iya Kande

Tun da aka hana shuka, abinci ya koma fitowa daga masana'anta, gonar mahaifin Iya Kande ta zama wurin shaƙatawa na jiha. Yau layin zagayawa da baƙi ya zo kanta. Ta shiga, tana nuna wa baƙi gurbin rumbunsu. Ga geron roba ya yi zangarniya, amma ko tsuntsu ɗaya bai sauka ba.

Ta kwance bakin zaninta, inda ta ɓoye iri na gaske. Kowane taku sai ta saki ƙwaya, ta rufe da diddige.

Mai gadi ya matso. "Iya, ƙafar ce ke ciwo?"

"Tsufa ne, ɗan nan," in ji ta, tana danne dariya. "Bari dai in lallaba zuwa ƙarshen kunyar."