Ranar da Wule Ta Bi Baba

Ina ɗan shekara tara muka gudo Yola. Masu bindiga sun kora shanunmu da babura, saura saniya ɗaya, Wule. Muka ɗaure ta a unguwar Yolde Pate. Ba wurin kiwo. Kullum mahauci yana taya ta, Baba yana ƙi.

Wata la'asar ruwa ya tsare mu a shagon mai gyaran talabijin. Ya sa fim ɗin kaboyi: Turawa a kan dawakai suna kora shanu zuwa jirgin ƙasa.

"Amurka ce ta da, Baffa," in ji mai shagon. "Sun kori masu ƙasar, sun ja wayar shinge, shanu suka zama kaya."

Baba ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Duk a baya suke. Ba mai shiga gaba ya kira su. Shanun ba su san su ba."

Da ruwa ya ɗauke muka koma gida. Baba ya kwance Wule, ya shiga gabanta, ya kira sunanta. Ta bi shi ba igiya har ƙofar mahauci.

Yanzu lodin shanu nake yi a tirela. A baya nake tsayawa, da sanda. Ba na tambayar sunansu.