Kakar da Ba a Haifa Ba

"Ai ba a haifi kakarki ba tukuna," in ji ma'aikacin asibitin, yana juyo mata da fuskar kwamfutar.

Jikar ta ƙura wa kwamfutar ido. Gobe za a yi wa tsofaffi aikin ido, ga shi babu sunan Kaka a cikinsu. Ta dubi tsohuwar da ke zaune gefenta, wadda ba ta gani, sai ta shafa fuskarta take gane ta.

"Tsohon fayil ne," ya ce. "Wanda ya shigar da ita 29 kawai ya rubuta a shekarar haihuwa, kwamfuta ta ɗauka 2029 ce."

Ya goge, ya rubuta shekarar a cike: 1929. Nan take sunan ya dawo, a sahun farko ma, don ta fi kowa shekaru. Jikar ta sauke ajiyar zuciya, idonta ya ciko.

Kaka ta ƙyalƙyale da dariya. "Kai ɗan nan, ba ka da kunya! Da yatsa ɗaya ka ɗora mini shekara ɗari?"

"Tuba nake, Kaka."

"Ai na'urarku ba ta yi ƙarya ba, gobe za a haife ni." Ta lalubo hannun jikarta. "Ke kuma ki tsaya kusa. In na buɗe ido, ke nake so in fara gani."