Tela a Falona

Ranar da tela ya tare a falona da iyalinsa, ina tsaye bakin ɗakin maigadi, ɗakin da na koma tun da tsadar rayuwa ta sa na ba da gidana haya ɗaki-ɗaki. Su bakwai, tabarma biyu, keken ɗinki ɗaya.

Da azahar na leƙa ta taga. Sun kewaye tire guda, matar tana ture hannun mijin daga nama, yara suna ta ƙyaƙyatawa.

"Hajiya, shigo mu ci mana," in ji ta.

"Na ƙoshi."

Shekara ashirin ina goge falon nan, ina hana kowa zama. Ko sau ɗaya ban taɓa jin dariya irin wannan a cikinsa ba.