Sitiyari a Hagu

Da gudumar da ya gyara jikin motar ya ragargaza gilashinta, ya koma kan fitilu.

"Haba maigida, hannunka jini!" matarsa ta yi ihu. "Duk kullen koronan nan a ƙarƙashinta ka ƙare!"

Bai ji ta ba. Tsohuwar motar Amurka ce, ya tsinto ta a unguwar Cheras, nan Malesiya inda suke zaune, duk tsatsa, ya raya ta. Sitiyarinta a hagu yake, irin na gida.

Ɗazu ya fita gwaji. Titi wayam, injin yana ruri, ya ji shi a Kano, ya kama dama. Ya manta nan hagu ake bi.

Mai babur ɗin da ya bari kwance ba numfashi, a hannunsa yake tafe.