Duhun Kwamfutar Maharazu

Jami'in da ke shinge ya danna maɓalli, kwamfutar ta yi gurnani ta tashi, amma fuskarta na nan baƙa ƙirin. Sai da ya haska tocila a karkace sannan rubutu ya bayyana dishi-dishi, kamar na allon da aka wanke.

"Baba, har yau ba su gyara ta ba?"

"Ina fa, ɗana," in ji Malam Badamasi.

Jami'in ya yi dariya ya miƙa masa abarsa. Wa zai tsaya wahalar da dattijo mai farin gemu, wanda ke kai hulunan ɗinkin hannu Maraɗi tun rabin masu kakin nan ba su fara rarrafe ba?

Kwamfutar ba tasa ba ce, shi ko kunna ta bai iya ba. Ta surukinsa ce Maharazu, mijin 'yarsa Bilki, mutum mai ladabi da bai taɓa gaishe shi a tsaye ba. Tsohuwar laftof ce mai kauri, haskenta ya mutu, Maharazu kuma ya kafe a kan cewa babu wanda ya san kanta sai wani mai gyara a Maraɗi. Don haka duk tafiya sai ya haɗa ta da dattijon. Mai gyaran ya karɓa da hantsi, ya dawo da ita bayan azahar, yau ya ce waya ce, gobe ya ce fiyus ne. Duhu dai yana nan yadda yake. Har kunya Badamasi yake ji in Maharazu ya taro shi a tashar Jibiya, ya karɓe jakar da hannu biyu, yana cewa ba komai, a sake gwadawa wani makon.

Amma ba wannan ne ya ramar da dattijon ba. Autansa ne, Faruk, wanda ƙwaya ta mayar abin tausayi. An yi masa faɗa, an yi masa rubutun sha, an kulle shi a ɗaki. Sai ya fara dawowa hayyacinsa, sai gubar ta sake cika unguwa, uban ya laluba aljihun yaron ya tarar da katin ƙwayar nan mai tambarin kunama, an ɓare an shanye. Yanzu Faruk na kwance a asibiti, likita kuma bai ɓoye ba: in ya ƙara haɗiya, ba lallai ya farka ba.

Badamasi ba mai zagi ba ne, amma zuciyarsa ta ƙeƙashe. Bayan kowace salla yakan ɗaga hannu ya ce, "Ya Allah, hannun da ke shigo da gubar ga garin nan, Ka shanye shi." Masallaci ya amsa da amin. Maharazu, Allah ya saka masa, shi ke jigilar abinci asibiti ba gajiya.

Ran nan mota ta iso da wuri, babu Maharazu a tasha. Dattijon ya sauke jakar yana murza hannu. Kullum a dawowa ta fi gajiyar da shi, ya kuma daɗe da ɗora laifin a kan tsufa. Nan tunani ya zo masa. Wannan bawan Allah yana ta ɗawainiya da su, wani can yana yi masa wasa da hankali, shi kuwa ko sau ɗaya bai rama alheri ba. Sai ya nufi rumfar Abdulfatah mai gyaran waya da kwamfuta a bakin kasuwa.

Abdulfatah ya danna wurin ƙara haske, shiru. Ya jona ta da talabijin ɗinsa, hoto ya fito tangaran.

"Cikinta lahiya lau, Baba. Matsalar na ga 'yan fitilun da ke bayan gilashi. Ko sun ƙone, ko wayarsu ta tsinke inda murfi ke lanƙwashewa." Ya jinjina murfin a tafin hannu, ya ɗan yamutsa fuska. Ya duba ƙusoshin, kawunansu duk sun cinye. "An sha buɗe ta kam."

"An sha buɗewa ba a gyara ba," in ji Badamasi, yana jin daɗin ya kama maƙaryaci.

Wayarsa ta yi ƙara. Maharazu ne, numfashi sama-sama.

"Baba, kuna ina? Ga ni tasha."

"Ina wurin Abdulfatah, yanzu za a gama maka da duhun nan."

"Baba, don girman Allah kada a buɗe ta! Ku bar ta, ga ni nan tahe!"

Dattijon ya yi murmushi. Kara ce irin ta Maharazu, ba ya son a kashe masa ko sisi. "Kai dai ka bari, yau ni za ni yi maka," ya ce, ya kashe wayar.

Abdulfatah ya kwance ƙusa ta ƙarshe, ya sa farce ya ɓalle bakin murfin, ya ɗaga gilashin a hankali. Bai ajiye shi ba. Ya tsaya riƙe da shi, ya dubi hanya, ya dubi dattijon.

"Mi ya ƙone?" in ji Badamasi.

"Ba abin da ya ƙone, Baba. Babu fitilun ma. An daɗe da hidda su."

Badamasi ya matso ya leƙa. Inda haske ya kamata ya zauna, katunan ƙwaya ne shimfiɗe maƙil, kowanne da tambarin kunama, sai ya juya a hankali ya dubi hannunsa na dama, wanda shatin igiyar jakar ke kwance a kansa tun daga Maraɗi.