Namiji a Cikin 'Yan Anko

Tela ta ce ya ɗaga hannu, Bara'u ya ɗaga. Ta ce ya juya, ya juya. Haka ya koma a 'yan watannin nan, abin da aka ce ya yi shi yake yi.

Shagon telar, Mama Scholastica, yana saman wani kantin kayan miya ne a Birmingham. Bara'u ya taso daga Manchester a jirgin ƙasa da wata jakar leda a kan cinya, har aka iso bai sauke ta ba. Da matar ta gama awo ta buɗe jakar, ta leƙa. Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau.

"Ɗana, wannan sai na farke fa. Kuma ba zai kai kaftani ba. Falmaran da hula kawai zai bayar."

"Ki farke, Mama."

Maganar ta samo asali ne ranar da Murna ta je flat ɗinsa na haya a unguwar Rusholme ta Manchester. Nas ce, haifaffiyar unguwar Moss Side a garin, iyayenta Kiristoci 'yan Kafanchan. Shi kuwa Bakatsine ne da karatun digiri na uku ya kawo, kodayake rabonsa da jami'a an kwana biyu. Ta shigo da kular abinci, ta tarar da wadda ta kawo a makon jiya ko buɗe ta bai yi ba. Ta ajiye sabuwar a gefenta. Ta zauna a bakin kujera tana jujjuya zoben baikonta.

"Yaya Bara'u, ina so ka tsaya a bayana ranar ɗaurin aurena. Wurin babbar ƙawa."

"Ni namiji ne, Murna."

"I know. Amma in ba kai ba, ba wanda zan iya waiwayawa in gani a wurin."

Ya daɗe yana kallon zoben. Ya laluba cikin ƙirjinsa ko zai ji wani abu, haushi ko daɗi, bai tarar da komai ba. Ya ce to.

Daga nan cece-kuce ya tashi. Ƙawayen amarya suka rabu kan abin da zai sa. Wata ta ce baƙar kwat, don ya saje da abokan ango. Wata ta ce ai ba abokin ango ba ne, na amarya ne, dole a gan shi da anko. Matsalar ita ce ankon leshi ne ruwan zuma da aka yo odarsa daga Kano tun bara, an rabe shi tas, ko ƙyalle bai rage ba. Da Murna ta gaya masa, sai ya ce kada ta damu, yana da shi. Ta ce to, ta kashe wayar.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, abokinsa Abdulsalami ya ja shi gefe a kan titin Wilmslow Road, bas-bas na wucewa suna watsa ruwan sama.

"Mutumina, an fara magana. Namiji, Musulmi, a coci, riƙe da furen amarya? Ana cewa kullum tana hanyar gidanka. Dangin angon ma abin bai yi musu daɗi ba. Ka bari abubuwa su lafa mana."

Bara'u ya gyaɗa kai kamar ya yarda. Washegari ya hau jirgin Birmingham.

Ranar biki ya tashi da wuri, ya sa farin yadi, ya ɗora falmaran. Ɗinkin ya zauna masa cif. Wani ɗan ƙamshi ya taso daga wuyan rigar, ya tsaya cak a gaban madubi, hula a hannu, har direban tasi ya gaji da jira ya kira shi.

Cocin ya cika. Ya shigo a gaban 'yan matan, gemu a taje, launinsa da nasu ɗaya. Ya ji ƙus-ƙus na bin sa daga benci zuwa benci kamar daga wani ɗaki ake yi. Da amarya ta miƙo masa fure ya karɓa. Da jelar rigarta ta naɗe ya durƙusa ya gyara. Da fasto ya ce ta maimaita alkawari, Murna ba ango ta fara duba ba. Ta waiwayo ta dubi Bara'u, ta dubi ƙirjinsa, sai hawaye. Aka jira ta. Ango ya sunkuyar da kai. A layin gaba, wata gwaggon ango ta taɓe baki.

A wurin walima gwaggon ta kasa haƙuri. Ta tare amarya da Bara'u a gaban babban tebur, ta ɗaga murya yadda na kusa za su ji.

"Amarya, tunda kin shigo gidanmu, sai ki faɗa mana. Duk matan Ingila ba ki samu ƙawa ba sai wannan? Shi wane ne a wurinki?"

Cokula suka tsaya. Bara'u yana riƙe da furen har yanzu, ba wanda ya ce ya ajiye. Murna ta kai hannu ta shafa bakin falmaran ɗin a hankali.

"Mijin Widad ne, Gwaggo, aminiyata tun muna firamare. Ita aka ɗinka wa rigar babbar ƙawa, sau ɗaya ta gwada ta, ta rasu, aka binne ta kafin azumi. Rigar ce a jikinsa."